'Yata tana kuka kullum a gidan da aka sauke ta a Amurka, in sa a canja mata gida?

Hajiya sannu da haƙuri, saƙonki sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsawa. Kin ce 'yarki mai shekara 16 ta tafi Amurka cikin watan Agusta a shirin musanyar ɗalibai na YES, an sauke ta gidan wasu Turawa mata da miji a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Iowa, yau sati bakwai kenan kusan kullum sai ta kira ki tana kuka, ba ta cin abinci sosai, akwai kare a gidan, ta ce matar gidan ta daina sakar mata fuska, shi kuma Alhaji ya ce ko dai a canja mata gida ko a dawo masa da 'yarsa. Kina tambaya me za ki yi.

Toh ni a jihar nake zaune shekara goma sha ɗaya yanzu, shida daga ciki na yi su ina aikin kodineta na ɗaliban musanya, wato ni ake kira in abu ya haɗa yaro da masu masaukinsa, na zauna a kicin ɗin mutane da yawa ina sasanta irin wannan. Bari in fara da abinda zai ɗan kwantar miki da hankali, duk abinda kika lissafa babu wanda ban taɓa ji ba, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya nuna min yarinyar tana cikin haɗari. Akwai abubuwan da in aka ji su ba a jira ko kwana ɗaya, zan zo kansu, dan Allah ki karanta wurin da kyau. Amma wannan da kika faɗa yawancinsa rashin magana ne. Tarbiyyar da kika ba ta mai kyau ce wallahi, kawai dai a can gidan ana fahimtarta a baibai ne.

Ki fara sanin su waye mutanen nan. Shirin YES majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, yana ɗauke da sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar, manufarsa yara daga ƙasashe masu yawan Musulmi su zo su yi shekarar karatu guda a sakandare suna zaune cikin iyalan Amurkawa. Masu masaukin ba a biyansu ko sisi. Iyakarta dala 50 a wata da doka ta yarda su rage daga kuɗin da ake lissafa musu haraji a kai, wanda ko cefanen sati bai kai ba. Su da kansu suka cika fom, aka zo aka duba gidan aka ɗauki hoton ɗakin da za ta kwana, aka binciki duk wanda ya kai shekara 18 a gidan ko yana da tarihin laifi. Wanda ya ɗora wa kansa wannan wahalar kyauta 'ya yake nema, ba baƙuwa ba. Mu a wurinmu baƙo ɗaki ake kai masa abinci a rufe da faifai, ba ya taɓa tsintsiya, in ya shiga madafa ma masu gida ne ke jin kunya. To 'yarki har yau zaman baƙunta take yi, tana kame kanta tana jira a ce mata bismillah, su kuwa tun ranar da suka ɗauko ta a filin jirgi 'yar riƙo suka ɗauke ta, irin yarinyar da aka kai gidan gwaggonta, kwana uku ta san inda ake ajiye ludayi ta shiga cikin yaran gida.

Bari in ba ki labarin wata yarinya 'yar wajenmu da na taɓa riƙe fayil ɗinta. Sati na uku da zuwanta matar gidan ta kira ni muryarta na rawa, ta ce yarinyar nan ba ta son girkina, ba ta son mu, ko kallona ba ta yi in ina mata magana, daga makaranta sai ɗaki ta rufe ƙofa. Na tuƙa mota minti arba'in na je. Na shiga ɗakin yarinyar na yi mata sallama da Hausa sai kawai ta fashe da kuka, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado, garin kwaki ne da sukari da ta zo da shi daga gida saura ɗan kaɗan a gindin ledar, shi take jiƙawa da ruwan famfon banɗaki cikin dare. Na ce ke ba a ba ki abinci ne? Ta ce Anti sau ɗaya suke tambayata ko zan ƙara, in na ce na ƙoshi sai su ce to su kwashe kwanukan, da safe kuma kowa firji yake buɗewa ya ɗauki abinda yake so ni ba wanda ya zuba min, Anti ni ta yaya zan buɗe firjin mutane? Ita kuwa matar tun ranar farko ta ce mata duk abinda ke cikin firjin nan naki ne, har kifi da shinkafa ta sayo takanas saboda ita, ta zuba ido ta ga ba a taɓa ba har ya lalace, ta ɗauka raini ne. Muka zauna mu uku a teburin kicin. Yarinyar na jin Turanci sarai, ba yare na fassara ba, kawaici na fassara. Na ce wa matar a gidanmu yarinya mai tarbiyya ba ta karɓar tayin farko, sai an yi mata sau biyu sau uku har a ɗan yi mata faɗa. Matar ta rufe baki da hannu, ta tashi ta buɗe firjin ta kwashe kayan da ke kan layi ɗaya, ta manna takarda ta rubuta sunan yarinyar a jiki. A gidan ta ƙarasa shekararta, ranar tafiya da ƙyar aka raba su a filin jirgi.

Kinga abinda nake nufi kenan. Ki gaya wa 'yarki da bakinki, don daga bakinki ne kawai za ta yarda ba rashin kunya ba ne: a gidan nan in an tambaye ta tana so ta ce tana so, in ba ta so ta ce ba ta so, tayi ɗaya ne ba a maimaitawa. In babba yana mata magana ta ɗago ta dube shi, sunkuyar da kai da muke yi na ladabi su a wurinsu alamar mutum yana ɓoye wani abu ne ko yana fushi. Rufe ƙofar ɗaki da rana yana nufin kar wanda ya dame ni, in ba sallah take ko canja kaya ba ta bar ta a buɗe, aikin makaranta ma ta fito da shi teburin cin abinci ta yi. Sannan wannan "to" ɗin namu da ke nufin na ji, su in ta ce musu eh sun ɗauka ta gane kuma ta yi alkawari, gobe in ba ta yi ba sai a ce ta yi ƙarya, gara ta ce ban gane ba a maimaita min. Godiya kuma a kan komai ake yinta, an miƙo mata gishiri, an kai ta makaranta, an yi girki, mu yaro ba ya bin uwarsa da na gode a kan kowane cokali amma su in ba su ji ba sai su ga kamar ba a ga ƙoƙarinsu ba. Ina kyautata zaton daina sakin fuskar da matar ta yi daga nan ya samo asali, ita ma tana can tana tunanin me ta yi wa yarinyar. Kar kuma ta jira a sa ta aiki, in an gama cin abinci ta tashi ta kwashe kwanuka, ta tambaya a nuna mata yadda ake jera su a injin wanke-wanke, ta koyi injin wanki ta riƙa wanke kayanta da kanta.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta miki daɗi ba Hajiya, amma amana ce sai na faɗa. Wayar nan ta kullum tana cikin abinda ke hana ta zama. Ki lissafa, tsakanin Najeriya da Iowa awa shida ne yanzu, in aka mayar da agogo baya ranar Lahadin farko ta Nuwamba ya koma bakwai. Ta dawo makaranta wajen uku da rabi na yamma, ku lokacin tara da rabi na dare, kin gama hidima kin zauna, sai ta shige ɗaki ku ɗauki awa ɗaya awa biyu, daga ke sai ƙannenta sai ƙawayenta a WhatsApp. To wannan tsakanin, daga dawowa makaranta zuwa cin abincin dare da suke yi wajen ƙarfe shida, shi ne lokacin da gidan Bature ke haɗuwa, ana girki ana hira ana tambayar ya makaranta, kuma shi ne lokacin da 'yan ajinsu ke wurin wasanni da ƙungiyoyin makaranta inda ake yin ƙawaye. Jikinta na Iowa amma duk yammacinta a tsakar gidanki take yinsa. Kuma in ta yi kuka kika yi kuka, ita ta ajiye waya ta samu sauƙi, ke ce za ki kwana ido biyu, gobe ki kira da fargaba ta ji a muryarki ta ƙara tabbatar wa kanta lallai akwai matsala. Shawarata ku tsayar da rana ɗaya a sati, Asabar ko Lahadi, kiran bidiyo, kuma a falo za ta zauna ba a ɗaki ba, a miƙa wa matar gidan ku gaisa ko da sannu da na gode ne kawai. Sauran kwanaki ɗan gajeren saƙo ya isa. Ki roƙi 'yan uwa su rage tura mata hotunan biki da suna da na tuwo. Na san da wuya, nima uwa ce, amma sau da yawa na ga yaro ya canja cikin sati biyu daga wannan kaɗai.

Abin ma sananne ne a wurin masana. Tun 1955 wani ɗan ƙasar Norway mai suna Sverre Lysgaard ya yi nazari kan 'yan ƙasarsu da suka je karatu Amurka, ya ga da farko mutum yana cikin ɗoki, sai ya faɗa rami na kewa da ƙunci, sannan a hankali ya fito. Ba kowa ke bin layin daidai ba, amma ni a abinda na gani watan Oktoba ɗokin ya ƙare, makaranta ta yi zafi, ƙawaye ba su samu ba tukuna, nan ne kuka ya fi yawa.

Sai kare. Kar ki raina tsoronta, yarinyar da ta tashi tana ganin kare a bakin ƙofa ko wurin mafarauta yau ga shi kan kujerar falo yana shinshinar ƙafarta, dole ta firgita. Amma ta san cewa a wurinsu ɗan gida ne, in ta kai masa ƙafa ko ta daka masa tsawa kamar ta mari ɗan autansu ne. Ta fuskar addini kuma akwai sauƙin da yawancin yaranmu ba su sani ba, a mazhabar Malikiyya da muke bi duk wani mai rai jikinsa da yawunsa da guminsa mai tsarki ne har da kare, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne ba don najasa ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi ya yi mata bayani a waya don hankalinta ya kwanta. Abinda za ta roƙa a gidan abu ɗaya ne, kar kare ya shiga ɗakinta saboda nan take sallah. Ban taɓa ganin gidan da aka ƙi wannan ba in an faɗa da ladabi, wasu ma ɗan shinge suke sawa a bakin ƙofar irin wanda ake tare jarirai da shi. Ta ware hijabi ɗaya da zani na sallah ta riƙa ninke su da darduma ta sa a durowa.

Akwai wani abu da ba ki ambata ba amma na tabbata yana nan, banɗaki. Yara ba sa faɗa masu gida ma kunya suke ji, sai kowa ya yi ta ƙunci a ciki. Banɗakin gidajen nan ba shi da rariya a ƙasa, kuma ƙarƙashin tayil ɗin ko ledar katako ne, ruwan da ya zuba ba inda zai bi sai cikin katakon, in bene ne ya ɗiga ta silin. Yarinya ta yi tsarki ta yi alwala ta ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu ta fito ta bar ƙasa jagab, matar gida ta shigo da safa a ƙafa ta taka, sau biyar a rana. Ta wanke ƙafa a cikin bahon wanka, ta ajiye tsohon tawul na goge ƙasa, in za ta yi wanka labulen ya kasance gindinsa yana cikin baho ba waje ba, tishu a cikin masai ake jefa shi a kora ba a kwandon shara ba. Buta kuwa ƙaramar butar ban ruwan fulawa da ake sayarwa a kowane babban kanti ta wadatar, amma ta gaya wa matar amfaninta, don na san gidan da aka yi ta ɗauke butar ana mayarwa lambu yarinya na sake ɗaukowa har wata guda ba wanda ya ce uffan.

Maganar sallah ki tambaye ta ina take fuskanta, don mu bakinmu ya saba gabas ita ce alƙibla, daga Iowa kuwa alƙibla arewa maso gabas take, ta duba da manhajar waya. In Disamba ta zo azahar na shiga sha biyu da 'yan mintuna, la'asar wajen biyu da rabi, magariba wajen biyar saura kwata, kinga azahar dole a makaranta za ta same ta. Ta je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara ko shugaban makaranta tare da matar gidan ta nemi wuri na minti biyar lokacin hutun cin abinci, yawanci wani lungu a laburare ko ofis ake ba su. Jihar ba baƙuwar Musulunci ba ce, a birnin Cedar Rapids akwai masallacin da aka gina tun 1934 wanda suke kira uwar masallatan Amurka, akwai masallatai a Des Moines da Ames da Iowa City, in ta roƙa tun da wuri za a iya kai ta ko da ranar Idi ce. Azumi kuma a shekarun nan ƙarshen sanyi yake faɗowa, yinin ba shi da tsawo, amma ta yi musu bayaninsa tun saura wata guda don kar su ji motsi a kicin da asuba su tsorata, kar kuma su ɗauka yunwa take horar da kanta da ita. In mijin gidan ko wani namiji ya miƙo hannu ko zai rungume ta, ta ɗora hannu a ƙirji ta yi murmushi ta ce a addinina ba na yi, sau ɗaya za ta faɗa shikenan an gane, ya fi ta riƙa zillewa suna rasa dalili. In sun gayyace ta coci, a ƙananan garuruwan nan coci nan ne mahaɗar jama'a, gayyatar ba lallai da wata manufa ba ce, tana da damar ta ce a'a kuma ƙa'idar shirin ta hana a tilasta mata.

Abinci kuma ta buɗe ido, Iowa ita ce ta ɗaya a kiwon alade a duk Amurka, kuma naman ba da suna ɗaya yake zuwa ba. Ta haddace waɗannan kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali: pork, ham, bacon, pepperoni, lard, da yawancin sausage, sai gelatin da ke cikin wasu alewoyi masu danƙo. Matar gidan na iya sanin ba ta cin alade amma ba ta kawo a ranta cewa ɗan bacon da ta barbaɗa a wake ya shiga lissafi ba, gara su rubuta a takarda su manna a jikin firji. Naman saniya da kaji na kanti malamai sun saɓa a kai, wasu sun halatta bisa ayar abincin ma'abota littafi da ke Suratul Ma'ida wasu sun ce a'a, wannan ku da Alhaji za ku yanke mata ku gaya mata ƙarara ta daina zama cikin shakka. In kun ce a'a akwai kifi da ƙwai da wake da madara da shinkafa, ba za ta mutu da yunwa ba, amma kar a ɗora wa masu gida dole sai sun yi tafiyar awa biyu neman naman halal da kuɗinsu.

Yanzu ga wurin da na ce ki karanta da kyau. Ki samu lokaci ki tambaye ta a natse, ita kaɗai, ba da tsoratarwa ba. Akwai wanda ke taɓa ta ko yake mata maganar jikinta, ko yake shigo mata ɗaki ko banɗaki, ko yake ba ta kyauta ya ce kar ta faɗa wa kowa? Ana hana ta abinci? An karɓe mata fasfo? An hana ta kiran kodineta ko kiranku gaba ɗaya? Tana da gadonta ita kaɗai? Ana neman kuɗin haya ko na abinci a wurinta? An mayar da ita mai raino ko 'yar aiki, ba ɗan aikin gida da kowa ke yi ba? Akwai maye da duke-duke a gidan? Ana matsa mata ta cire hijabi ko ta bar addininta, ko ana zaginta da launin fata? Dokar ma'aikatar harkokin wajen Amurka kan masu bizar musanya ta J-1 'yan sakandare ta ce sai an ba ɗalibi gadonsa na kansa da abinci sau uku, takardunsa su zauna a hannunsa, a bar shi ya yi magana da iyayensa, kuma kodineta ya tuntuɓe shi aƙalla sau ɗaya kowane wata. In amsar ɗaya daga cikin waɗancan ta zo ba daidai ba, babu maganar haƙuri ko kawaici, ranar za ta kira kodineta. In kodineta ya yi sanyin jiki, don na taɓa ganin wadda ƙawar masu gidan ce ta yi ta jan ƙafa, ta tsallake ta kira babban ofishin hukumar da ta sauke ta, lambar tana jikin katin shaida da aka ba ta tare da lambar gaggawa ta ma'aikatar harkokin waje, in abu ne na nan take kuma 911, lambar kiran 'yan sanda da motar asibiti a Amurka. Ke ma ki kira ofishin da ya tantance su a Najeriya ki kuma rubuta musu a rubuce. Haka nan in kika ga tana ramewa sosai, ba ta barci, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ya wuce kewar gida, likita take buƙata kuma suna da inshorar lafiya.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki lallashi Alhaji ya ƙara mata lokaci. Ana canja gida, na sha yi, wani lokacin jini ne kawai bai haɗu ba ba laifin kowa. Amma a ƙaramin gari gidajen da ke karɓar ɗalibi ba su da yawa, canjin na iya jawo canjin makaranta ta koma farawa daga farko, kuma in kunyar buɗe firji ce matsalar to da ita za ta tafi sabon gidan. Abinda ya kamata a fara yi ta nemi kodineta ya zo a zauna su uku a faɗi komai. Dan Allah kuma kar wani ɗan uwa da ke Houston ko Maryland ya ce ta haɗa kaya ta taho wurinsa, bizarta a ɗaure take da shirin, doka ma ta hana a sauke ɗalibin musanya a gidan danginsa, in ta bar gidan da kanta za a cire ta daga shirin a mayar da ita gida, abin kuma ya iya binta duk ranar da ta sake neman biza.

Ki shirya mata zuciya kan sanyi, don wanda take ji yanzu somin taɓi ne, a Janairu akan kai 18 ƙasa da sifili har ya wuce, duhu da wuri, ba fita. Yaran da na ga sun tsallake wannan lafiya su ne masu abin yi bayan makaranta, ta shiga ko ƙungiya ɗaya ce, ta muhawara ko zane ko kimiyya ko aikin sa kai wanda dama shirin yana so su yi. A Nuwamba akwai makon ilimin ƙasa da ƙasa da ɗaliban YES ke zagaya azuzuwa suna ba da labarin ƙasarsu, ta sa atamfarta ta yi lalle ta je, yara da yawa daga ranar suke samun ƙawaye. Ta nemi man shafawa mai kauri don fata na tsagewa, maganar kitso kuma ta gaya wa matar gidan tun yanzu, wataƙila ba ta taɓa kula da gashi irin namu ba kuma mai kitso sai an je babban gari.

Abu na ƙarshe da nake sa kowace yarinya ta yi, ta yi musu girki. Yanzu ne ma lokacinsa, Oktoba ko'ina kabewa ce jibge a bakin kantuna, ta samu ƙarama irin ta ci, da alayyahu, da tumatir da albasa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba wadda ba a sa wa sukari ba, ga miyar taushe ta haɗu, ta tuƙa tuwon shinkafa da shinkafa mai danƙo. Ta fara tambaya ko akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa don a nan abu ne da ke kai mutum asibiti, ta rage attaruhu sosai ta ajiye yaji a gefe, in za ta soya wani abu ta kunna fankar murhu kar ƙararrawar hayaƙi ta tashi. Ki koya mata a kiran ranar Asabar, matar gidan na tsaye a gefe tana gani. In za ki aika mata saƙo ki sa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da ɗan turmin atamfa na matar gidan, banda kilishi da dambun nama, kwastan ba sa barin nama ya shigo. Ki haɗa da 'yar wasiƙa zuwa ga matar ko layi biyar ne wani ya rubuta miki da Turanci, ki ce kin gode da riƙon 'yarki, ki gaya mata yarinyar mai kunya ce sai an yi mata tayi sau uku. Bayan sati biyu ki sake rubuto min in ji yadda ake ciki, Allah ya tsare mana ita ya dawo da ita lafiya.